Ranar da Aka Sa Lambata a Akwati

Karatuna na boko a aji uku ya tsaya. Ba korata aka yi ba, ni na duba na ga malamin ya fi ni buƙatar hutu, na bar masa ajin. Harafi har yau muna gaba da shi, wannan ɗin ma da kuke karantawa sai da na cinye biro biyu kafin ya tsaya da ƙafarsa. Amma lamba, in na gan ta sau ɗaya, ta zauna ke nan. Shi ya sa da wayar hannu ta iso Kazaure ban ji tsoronta ba. Na ga ai 'yar gida ce, duk jikinta lambobi.

Shekara goma sha takwas ina riƙe da layi ɗaya. Ni na sayi sim ɗin da kaina. Alhajin da nake yi wa aiki, Allah ya ji ƙansa, mai shagon maganin dabbobi da dusa, shi ya ga lambar tana da daɗin faɗa ya sa aka rubuta ta a allon shago da jikin buhuna. Kafin a jima ta shiga rugage. Daga bayan duwatsun Roni zuwa Gwiwa, har Babura inda ake zuwa mana da sefa daga ƙetaren iyaka, akwai tsofaffin da ba su san shekarar da aka haife su ba, amma ka tashe su daga barci su karanto maka lambata ba gargada.

Ni ba likitan dabbobi ba ne. Ban taɓa yi wa ko kaza allura ba. Muna da mutum uku a waje, kowa da babur ɗinsa da akwatin magani a baya: ɗaya a Babura, ɗaya a Roni, ɗaya a Gwiwa. Su ne masu takarda. Nawa aikin in zauna a kan benci a ƙofar shago, waya ta yi ƙara, in ɗauka, a gaisa, a tambayi gida da ruwa da kiwo, in jira har mutum ya gaji da zagaye ya faɗi abin da ya sa ya kira, sannan in san wanda zan tura masa. Shi ke nan. Na san in aka faɗe shi haka kamar aikin da akuya ma za ta iya. Haka 'yar Alhaji ta gani, kuma ban ga laifinta sosai ba, don ba ta taɓa zama a bencin ba.

Ita ta gaji shagon. Yarinyar da na ɗauka a kafaɗa na kai ta kallon ruwan dam ta jiƙa min wuyan riga, yau ita ce uwar ɗakina. Ta yi karatu mai zurfi, tana aure a Kano, daga can take juya mu. Tana ce min Baba, ina ce mata Hajiya, kuma kowa cikinmu ya san wanda ke sama.

Zan faɗi gaskiya, tun da ta riga ta sani. Ƙorafinta yana da tushe. Bayan azahar ni mutum ne mai son jingina da buhun dusa in rufe ido. Wani lokaci wayar tana wurin mai caji, ni ina wurin mai shayi. In ta same ni ta ce, "Baba, tun ɗazu ake nemanka," sai in ce, "Hajiya, sabis ne, yau ko'ina haka yake." Sabis ɗin nan ya ɗauki zunubina shekara da shekaru bai taɓa musu ba.

Sai ranar nan ta ce za a yi taro. Na ce to, yaushe za ta iso in sa a share shago? Ta ce ba inda za ta zo, a waya za a yi, kowa daga inda yake. Wai mu yanzu ma'aikatan nesa ne, haka ake kiranmu a duniya. Na ce ashe, mu da muke yinsa tun kafin a raɗa masa suna. Ta ce za a zaɓi manhajar da za ta haɗa mu wuri guda, saƙo da hoto da taro, har da layin shago. Na lura ta ce layin shago. Na taɓa aljihuna.

Taron nan, da ana biyan kuɗin kallo da an cika. Na jingina babbar wayar da ta aiko min da gwangwanin maganin tsutsa. Na Gwiwa hancinsa kawai muke gani da rufin kwano. Na Babura in ya matsa taku biyu arewa wayarsa sai ta tsallaka sabis ɗin Nijar, saboda haka a kan wani tudu bayan kasuwa ya tsaya, iska tana busa mana a kunne, fuskarsa tana sandarewa baki a karkace. Na Roni, mutum mai kunya da ladabi, ya zauna tsaf kamar za a ɗauke shi hoton katin zaɓe. Hajiya kuma a falonta, ga wani ɗan gayu mai sayar da irin waɗannan manhajoji a kujerar gefe, da gilashi da agogo kamar murfin kwano. In ya ɗauko Hausa, kafin ya kai ƙarshen zance ta zube masa a hanya ya cike da Turanci.

Uku ya kawo. Ta farko ta ganin fuska ce da aika saƙo, ba ruwanta da layin waya. Na ce a raina wannan ita ce 'yar albarka. Hajiya ta ce ba ta yi ba, ai layin ne ciwon.

Ta biyu, in mutum ya kira sai muryar wata mace ta amsa, ta ce in maganin shanu kake so danna ɗaya, in dusa ce danna biyu. Ya kunna mana muka ji. Na Babura ya dawo daga sandarewa daidai lokacin, ya ce, "Hajiya, wallahi mutanena in suka ji mace sai sun tsaya gaishe ta. Ina kwana, ina gajiya, ya maigida, ya yara. In ta ƙi amsawa ta ci gaba da danna ɗaya, gobe duk Babura za a ce shagon Alhaji ya ɗauki mara tarbiyya." Aka yi dariya, har ɗan gayun ya yi irin dariyar wanda bai gane ba. Aka ajiye ta biyu.

Ta uku ita ya zo sayarwa, sauran rakiya suka yi. Za a cire sim ɗina a sa shi cikin wani ɗan akwati a shago. In an kira, kiran zai faɗa wayar duk wanda ba ya kan wani kiran a cikinmu. Ko data ta ɗauke zai shigo kamar kira na yau da kullum, abin da ya sa na Babura ya yi kabbara daga kan tudu. Kowace magana za a naɗe ta, Hajiya ta saurara daga Kano in ta ga dama. Kowa yana da ɗigo a gefen hotonsa, kore in yana nan, toka-toka in ya ɓace. Sannan ya gyara gilashi ya kawo abin da yake ji da shi. Wai manhajar tana da tunani. Duk wanda ya kira ya samu mutum, in ya sake kira, wurin wannan mutumin za ta mayar da shi, don su saba.

Hajiya ta ce, "Za mu gwada wata ɗaya. In ta yi, Baba ka huta da waya haka nan, ka zauna ka kula mana da shago. Ka yi ƙoƙari, shekaru sun ja."

Da tausayi ta faɗa, shi ya fi ƙona min rai. Kula da shago. Na san abin da ake nufi: gadin buhu da korar awakin maƙwabta. Mutumin da ake kira tun daga bakin iyaka zai koma wanda ake wucewa a ce masa sannu da hutawa.

To a daidai nan na hango ramin, tun ɗan gayun bai rufe baki ba.

Akwai wani Ardo a wata ruga kusa da Gwiwa. Shi ne babban mai sayen kayanmu tun zamanin Alhaji, kuma inda ya sa ƙafa nan rugagen gefensa suke sawa. Ni kakana Babarbare ne, saboda haka tsakanina da Ardo babu kunya ko ta ƙwayar gero. Wasan Fulani da Barebari muka gada. Yana kira zai ce, "Bawana, kana nan ko yunwa ta kashe ka?" In ce, "Fillo, an yi wanka bana kuwa?" Daga nan duk abin da ke damunsa zai zube min shi, har wanda ba zai gaya wa ƙaninsa ba.

Shi kuma namu na Roni, 'yar Ardo ta fari yake aure. Shekara shida da auren ban taɓa haɗa su a waya ba, ban taɓa tura shi rugar da akwatin magani ba, ko da kuwa shi kaɗai ne ba ya komai. Ba gaba suke ba, sam. Surukuta ce irin ta Fulani. Ardo ko sunan 'yar ba ya faɗa, balle na mijinta. In suka haɗu a hanya, na Roni zai sauka daga babur ya cire takalmi ya durƙusa, Ardo ya kau da kai yana amsawa kamar da bishiya yake magana. Mutumin da ba ya iya kurɓar ruwa a gaban surukinsa, shi ne zai buɗe baki ya ce masa zo ka yi min aiki? Wannan ba a rubuce yake ko'ina ba. A kaina yake, tare da irinsa da yawa: wane ba ya shiga rugar wane tun rigimar burtali, wane in ya ce "ba komai" to a tura mutum da gudu.

Hajiya ta ce, "Akwai wanda ya ga matsala? Baba, kai ne babba, me ka gani?"

Na Roni ya sunkuyar da kai. Shi ma ya gani, na tabbata, amma ta ina zai fara ambaton surukinsa a gaban jama'a? Ni ne mai bakin faɗa. Na dubi ɗan gayun, na dubi agogonsa, na ce, "Hajiya, ta ukun nan ita ce. Kin ga har tunani gare ta. Ni da ba ni da shi ai gara in ba ta wuri."

Ta ji daɗi har ta ce Allah ya saka min. Ni kuwa na zaɓe ta ne don na ga inda za ta karye. Lissafina, Ardo zai kira, ya faɗa hannun surukinsa, ya yi fushi, ya aiko a tambayi ina bawansa, a buɗe akwati a miƙo min abina da ban haƙuri. Iyakar abin da na hango ke nan. Ban tambayi kaina me zai sa Ardo ya kira ba.

Ranar da ɗan gayun ya zo Kazaure, ya karɓi ƙaramar wayata mai tocila, ya buɗe bayanta da farce, ya zare sim ɗin kamar mai cire ƙaya. Ya tura shi cikin akwatin, wani abu baƙi mai ƙaho biyu, ya ɗora a kan kanta tsakanin kwalaben maganin kaska. Ya ba ni sabon sim. Lambarsa ina ganinta na kau da kai don kada ta zauna. Ta zauna duk da haka, 'yar banza.

Sannan ya ja kujera zai koya min. Nan ake dannawa a ɗauka, nan ake dannawa a miƙa wa wani, nan ake shiga in ana so a kira mutum da tsohuwar lambar. Ni ina ɓare gyaɗa ina cewa, "To, to, madalla," ina tambayarsa ko akwatin yana cin dusa, ko sai an ba shi maganin tsutsa duk wata uku. Ba abin da ya shiga. Me zan yi da koyon abin da na san ba zai kai kaka ba? Ya ce an sa ni a ƙarshe, sai in duk ukun ba su ɗauka ba kiran zai iso gare ni. Na ce ba komai, ko a masallaci na saba da sahun baya.

Abin haushi, satin farko da na biyu abin ya yi aiki. Na Babura ya ɗauki hoton bakin akuya ya tura, na Gwiwa ya duba ya faɗi magani, kafin in gama hamma an gama. Hajiya tana ta turo hoton babban yatsa. Tsofaffin da na zaci za su yi min kuka, in suka ji wata murya sai su ce ina tsohon nan, a ce yana nan lafiya, su ce madalla su ci gaba da zancen tunkiyarsu. Shekara goma sha takwas, madalla ɗaya ta rufe. Ni ina kan benci, wayata shiru kamar an yi mata rasuwa. Mai shayi ya fara tambayata ko lafiya, ya ga ina zama har shayin ya huce ba wanda ya katse ni. Akwatin yana ƙyafta min koren ido daga kan kanta, ni ina harararsa. Kullum ina cewa a raina, Fillo, ina ka shige ne? Ka kira mana.

Ya kira. Lokacin an yanke dawa, gyauro ya tsiro a gonaki, ɗanyen tsiron nan da in saniya ta cika ciki da shi yake kumbura ta nan take. Da hantsi babbar wayar ta yi ƙara, na ga na Roni ne. Muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Baba, Baffa ne ya kira."

"Wane Baffan?" Na sani sarai. Daɗi nake ji har yatsun ƙafa.

"Na wajen Gwiwa. Sau uku ke nan."

"To me ya ce?"

"Gaisuwa kawai. Ya ce a gaida mutanen gida, ya kashe. Ya sake kira, ni manhajar ta sake ba. Na ukun ma haka."

"To ai sai ka gode Allah, surukinka yana ƙaunarka."

Ya ƙara rage murya. Sannan ya ce, "Baba, kamar na ji nishin saniya a bayansa. Da hayaniyar mutane."

Daɗin nan ya gudu. Ardo bai taɓa kiran mutum sau uku don gaisuwa ba, ko da hakimi ne. Na ce wa na Roni ya ajiye, na rarumi babbar wayar zan kira Ardo da tsohuwar lambata. Ina ake shiga? Na danna nan, hoton bakin akuya ya fito. Na danna can, ta tambaye ni wani abu da Turanci. Na ajiye, na ɗauko ƙaramar na buga lambar Ardo da sabon sim. Ta yi ta ƙara har ta gaji. Na sake, haka. Ardo ba ya ɗaukar baƙuwar lamba, kuma na fi kowa sani, don ni na ba shi shawarar. Na nemi na Gwiwa da ƙaramar, yana kan wani kiran. Na koma kan babbar ina dannawa kamar mai kashe kiyashi, sai ga fuskata ta cika gilashin, ashe taron bidiyo na buɗe wa kowa. Can sai ga hancin na Gwiwa ya shigo. Na daka masa tsawa, "Bar abin da kake yi! Rugar Ardo, ina jin gyauro ne, ɗauki maganin kumburi ka tashi!"

Ya tashi. Ya ce min bai taɓa gudu a babur irin na ranar ba. Da ya isa ya tarar an riga an sa wa saniyar wuƙa don kada ta zama mushe, ana fiɗa. Ba kowace saniya ba ce. Jikar jikar wadda uban Ardo ya ba shi ce tun yana ƙarami, ita ke gaba in garke ya tashi. Na Gwiwa ya ce da a kiran farko aka tura shi, da ya same ta a tsaye. Daga garin zuwa rugar ba nisa.

Washegari Hajiya ta kira taro, ta kunna mana abin da akwatin ya naɗa.

Muryar Ardo ce ta fara, da ƙarfi: "Kai bawana, maza..."

Sai muryar na Roni, can ƙasa: "Allah ya ƙara maka lafiya, Baffa. Ni ne."

Shiru. Dogon shiru, kana jin saniyar tana nishi. Daga baya na Roni ya gaya min a tsakiyar kasuwa yake, ya cire takalmi ya durƙusa da waya a kunne, masu kaya a ka suna kewaye shi.

Ardo ya ce, "To. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Baffa."

"Ya mutanen gida?"

"Suna gaisuwa, Baffa."

"Madalla. Madalla. To. Dama gaisuwa ce."

"An gode, Baffa. Allah ya ƙara girma."

Na biyu haka, sai dai ya fi gajarta. Na uku Ardo "Af" kawai ya ce, sannan, "A gaida gida." Mai tunanin nan ta tuna, ta mayar da shi wurin wanda ya saba da shi, sau biyu, daidai yadda aka yi mana alkawari.

Ɗan gayun ya gyara gilashi ya ce a gaskiya manhajar ba ta yi kuskure ba, kwastoman ne bai faɗi matsalarsa ba. Na so in miƙa hannu ta cikin wayar in murɗe masa kunne. Abin da ya hana ni, ban da nisa, gaskiya ya faɗa. Wanda ya ƙirƙiri abin a can ƙasarsu bai taɓa ganin an cire wa waya takalmi ba. Shi kuma wannan, da aka haifa a Kano, ya kamata a ce ya gani, amma agogon ya tare masa ido.

Hajiya ta sallami kowa ta ce in tsaya. Ta daɗe tana kallona. Idon ubanta gare ta, wanda in ya sa maka sai ka tuna duk abin da ka taɓa ci ba a ba ka ba.

"Baba, ka san surukinsa ne."

"Duk Gwiwa ta sani, Hajiya."

"Ban tambayi Gwiwa ba. Ranar da na ce akwai wanda ya ga matsala, ka gani ko ba ka gani ba?"

Na duba saman wayar, sabis cike yake, ba wanda zan ɗora wa. Na ce, "Na gani."

"Ka yi shiru."

"Na yi shiru."

"Saboda me?"

"Saboda ba na son gadin buhu."

Ba ta yi faɗa ba. Na fi so ta yi. Cewa ta yi, "Ni ban san wannan ba, Baba. Abin da ya sa na tambaye ka ke nan. Ka je ka yi wa Ardo jaje. Da ƙafarka, ba a waya ba."

Bayan kwana biyu na hau acaɓa har rugar, ƙasusuwana suna ƙara a kan hanya. Na same shi a gindin gawo. Ban yi masa wasa ba, na gaishe shi gaisuwar mutunci, abin da ban taɓa yi ba tun da muka san juna. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Yau kuma Babarbare ya koyi ladabi? To saniyata ba ta tafi a banza ba. An ce ka sayar da lambarka."

"Ba sayarwa na yi ba, a akwati aka sa ta."

"Na kira bawana, mutumin nan ya amsa. In ce masa me? In ce taho ka duba min saniya, kamar wanda ya ba da 'ya don a riƙa yi masa allura? Na kashe na sake, shi. Na sake, shi. Na ce to, ko mutuwa ka yi aka raba gadonka."

Na gaya masa komai, har zaɓen da na yi da dalilinsa. Na zaci zai tashi ya bar ni a wurin. Ya daɗe yana tona ƙasa da sanda.

"Wato da saniyata ka yi wa 'yar Alhaji gardama."

Na ce haka ne.

"Da ka tambaye ni ai da na ba ka tsohuwar tunkiya ka yi da ita."

Ya tashi ya shiga bukka, ya fito da wutsiyar saniyar, an shanya ta ta fara bushewa, ya jefo min a cinya. "Ga rabonka. An ce aikinka ya koma zaman benci. Ka riƙa korar ƙuda."

Da wata ya cika na ɗauka ɗaya cikin biyu ne, ko a miƙo min sim ɗina ko a miƙo min sallama. Ba ko ɗaya. Akwatin yana nan inda yake. An kashe masa tunanin nan nasa, an kuma juya layin. Yanzu duk kira ni yake fara samu, ni nake miƙa wa wanda ya dace. Sai da Hajiya ta zo Kazaure da kanta ta zaunar da ni wuni biyu a kan wurin dannawa uku, ta kwashe gyaɗar daga gabana. Sannan ta sa na faɗa mata duk abin da ke kaina, wane surukin wane ne, wane ba ya shiga rugar wane, tana rubutawa a cikin manhajar a gefen kowace lamba.

Na ce, "Hajiya, in kin kwashe duka me ya rage min?"

Ta ce, "Zagin Ardo. Wannan ba wanda zai karɓe maka."

To ban koma gadin buhu ba, in wannan ne cin nasara. Amma bayan azahar ina jingina da dusa, ido bai gama rufuwa ba, ɗigon zai koma toka-toka, sai ga saƙo daga Kano: "Baba, lafiya?" Sabis ya yi murabus daga ɗaukar min zunubi. Mai shayi ya ce na zama kamar ma'aikacin banki, a tsaye nake sha.

Na taɓa tambayarta sim ɗin sau ɗaya. Ta ce, "Lambar taka ce, Baba, ba wanda ya musa. Akwatin ne nawa."

Ardo ya sayi dusa makon jiya. Tun da ya ji ana naɗar magana ya ƙara tsawon zagin, yana yinsa dalla-dalla don ya fito da kyau, in ya gama ya ce a gaida Hajiya mai saurare. Bai sake ambaton saniyar ba, ni ma ban sake ba. Wutsiyar tana rataye a ƙusa a ƙarƙashin akwatin. Ƙuda kam tana korarsu.